An sakar mini kwas mai ɗalibai sama da 600, ta ina zan fara?

Sabon Malami: Assalamu alaikum malamaina. Shawara nake nema, a yi haƙuri da tsawon rubutun. Shekarata ɗaya da rabi da kama aiki. Bara an haɗa ni da wani babban malami muka koyar da kwas ɗin ƙididdiga na 'yan aji ɗaya, kiredit uku. Bana ya tafi hutun shekara, an sakar mini kwas ɗin ni kaɗai. Ɗalibai sun haura 600, daga sassa biyar.

Abin da ya hana ni barci shi ne sakamakon bara. Mun gama manhaja tsaf, har babin ƙarshe da ake yawan tsallakewa, ina ta murna. Da na zauna makin sai jikina ya yi sanyi. Tambayar da ta ce a kawo ma'anar matsakaici, wato a tara lambobi a raba da yawansu, kusan kowa ya cinye ta, kalma da kalma yadda take a takardar da muka raba. Tambaya ta huɗu kuwa, na ba su abin da 'yan kasuwa goma ke samu a rana: tara kowa naira 5,000, na goman naira 500,000. Na ce wane adadi ne ya fi nuna halin da mutanen nan suke ciki, kuma me ya sa? Wasu suka bar shafin fari fat. Wasu suka lissafo matsakaici, 54,500, suka ja layi biyu a ƙasa, ba su ko tsaya sun ga cewa a cikin mutum goman nan babu mai samun abin da ya yi kama da haka ba. Wata ta rubuta da fensir a ƙasan takardarta: "Malam ka taimaka, karo na biyu ke nan." Mako uku ya rage a dawo. Ta ina zan fara gyara?

Mai Jan Biro: Wa alaikumus salam. Malam, babu abin da za ka gyara. Ka koyar, ka fita haƙƙinsu. Yaran yanzu ba karatu suke yi ba, waya suke dannawa. Mu a zamaninmu wa ya tsara mana kwas? Malami ya shigo ya juya baya ya cika allo ya fita, mu tafi laburare.

Malama Tsangayar Ilimi: Malam Mai Jan Biro, ku nawa ne a ajin a zamanin naku?

Mai Jan Biro: Mu 28.

Malama Tsangayar Ilimi: To alhamdu lillahi. Ƙanena Sabon Malami, kafin in ce komai, tambaya ɗaya: a duk zangon bara, sau nawa ɗaliban suka zauna suka amsa tambaya irin ta huɗun nan, kafin ranar jarrabawa?

Sabon Malami: Gaskiya Dakta, ko sau ɗaya. Tes ɗaya muka yi, na zaɓi-ɗaya-cikin-huɗu, kuma yawancinsa ma'anoni ne da sa lamba a cikin ƙa'ida.

Malama Tsangayar Ilimi: Ka ga inda gizo ke saƙar. Ka koya musu abu ɗaya, ka gwada su a kan sa a tsakiyar zango suka ci, suka tabbata hanyar ke nan, sannan ranar ƙarshe ka tambaye su wani abu daban. Ɗalibi ba manhaja yake karantawa ba, malaminsa yake karantawa. Tes ɗinka na farko shi ne yake gaya masa irin karatun da ake so.

Shawarata, kada ka fara da jerin babi-babi. Ɗauki farar takarda ka rubuta abu biyar ko shida da kake so yaron da ya ci kwas ɗin nan ya iya YI da hannunsa. Kada ka rubuta "ya san" ko "ya fahimci", don ba ka da hanyar leƙa cikin kansa. Rubuta irin: a ba shi farashin masara na mako goma sha biyu ya zana shi a jadawali ya faɗi abin da ya gani, ya zaɓi tsakanin matsakaici da adadin tsakiya (lambar da ke tsakiya in an jera su daga ƙarami zuwa babba) ya kare zaɓinsa, a nuna masa zanen da aka yi don yaudara ya gano inda aka murɗe. Idan ka gama, rubuta jarrabawar ƙarshe yanzu, tun ba a dawo ba. Sai ka dawo baya kana tambayar kowane mako: me za su yi a makon nan da zai kai su ga amsa waccan takardar? Duk babin da ba ya kai su ko'ina, ka san matsayinsa. Ba ni na ƙirƙiro ba. John Biggs ya yi rubutu a kai a 1996, cewa manufa da koyarwa da jarrabawa su fuskanci alƙibla ɗaya, Wiggins da McTighe kuma suka fito da tsarin farawa daga ƙarshe a 1998.

Tsohon Shugaban Sashe: 'Yata Dakta, maganarki dutse. Amma bari in zuba ɗan ruwan sanyi, don yaron nan kada ya je ya jawo wa kansa takardar tuhuma. Kwas ba gonarsa ba ce. Tun da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta ƙaddamar da sabuwar manhajar jami'o'i, CCMAS, a watan Disamba 2022, ta maye gurbin tsohuwar BMAS, kashi 70 na manhajar digiri daga Abuja yake zuwa, kashi 30 aka bar wa jami'o'i. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta yi ta ƙorafi a kai a 2023, cewa an shiga hurumin majalisar jami'a, amma ga shi ana aiki da shi. Kwas na 'yan aji ɗaya irin naka kusan kullum cikin 70 ɗin nan yake. Ranar da masu tantancewa suka zo, fayil ɗin kwas za su buɗe, su ɗora tambayoyinka a kan abin da aka rubuta. Idan ka yanke babi uku don ba su "kai ko'ina" ba, shugaban sashenka ne zai sha tambaya, shi kuma ya sauke a kanka.

Malama Tsangayar Ilimi: Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ban ce ya yanke ba. Kuma ita CCMAS ɗin, duk da abin da ake faɗa a kanta, ta zo da abu ɗaya mai amfani: kowane kwas an jera masa abin da ake so ɗalibi ya iya a ƙarshensa, kafin a jera abin da za a koyar. Mu ne muke tsallake sashen farko mu tafi na biyu, don shi ya yi kama da abin da muka saba. Takardar ta faɗi me za a koyar, ba ta ce kowane babi sai an ba shi awa uku cif ba. Wani babin awa shida yake so, wani minti arba'in da takarda shafi biyu sun ishe shi.

Tsohon Shugaban Sashe: Wannan kuma na yarda. To ɗana, ɗauki biro mu yi lissafin da ba a rubuta shi a ko'ina. A takarda zango mako 15 ne, kiredit uku awa 45 ke nan. A zahiri, makon farko da na biyu 'yan aji ɗaya suna layin rajista da neman ɗakin kwana. Mako ɗaya zai tafi a hutun salla ko wani taro da za a karɓe muku ɗakin lakca. Makon ƙarshe rabinsu sun daina zuwa, sun koma karatun dare. Idan Allah ya taimake ka za ka sami mako 10 ko 11. Mu da muka ga bayan yajin aikin 2022, wanda aka fara 14 ga Fabrairu aka janye 14 ga Oktoba, mun ga zangon da aka matse har ya fi haka gajarta. Saboda haka tsara kwas ɗinka a kan awa 30. Abin da ba ka yarda yaro ya fita bai iya ba, ka sa shi a mako shida na farko. Abin da ya samu daga baya riba ce.

Gardin Lissafi: Allah ya gafarta malamai. Ni duk wannan Biggs ɗin da Dakta take kira, a gaban alarammanmu na fara ganin sa, kafin in san akwai wani abu wai shi boko. A tsangaya ba ka wanke allo sai ka biya. Kana iya rantsuwa ka iya, malam zai ce to kawo. Ka kife allon, ka karanto. In ka yi tuntuɓe, ba ƙari, koma ka sake. Kuma ƙarin ma daidai ƙarfinka ake yi maka, wani layi uku, wani sumuni guda. Ga tishi, kullum sai ka koma baya ka bi abin da ka wuce, don kada na gaba ya kori na baya. Sannan malam ɗaya ba ya iya sauraron yara ɗari, shi ya sa gardawa suke biya wa ƙolawa.

Mu kuma a jami'a me muke yi? Kowane mako muna wanke wa yara allo mu rubuta sabo, ba wanda ya ce su biya, sai bayan wata uku mu ce su kawo sauka gaba ɗaya cikin awa biyu. In sun kasa mu ce 'yan zamani ne.

Mai Jan Biro: Malam Gardi, ai wannan hadda ce. Haddar ce kuma Sabon Malami yake kuka da ita. Yaransa sun haddace ma'anar matsakaici sun kasa aiki da ita. Ka kawo mana maganin da shi ne cutar.

Gardin Lissafi: Ka kama ni a rabi, ranka ya daɗe. Abin da ake biyawa a can nassi ne, dole a kawo shi yadda yake. Ba shi nake cewa a ɗauko ba. Tsarin nake nufi: kaɗan-kaɗan, a kife allo a gwada, a koma baya, na gaba ya ja na baya. In abin da kake so su iya shi ne zaɓe tsakanin adadi biyu, to shi za su riƙa "biyawa" duk mako, da sababbin lambobi, yadda hadda ba za ta cece su ba. Kuma ko a makarantun zaure ai ba a fara wa mutum da Muhtasar. Ahalari ne, Ishmawi, Iziyya, Risala, a hankali. Mu kuwa wani lokaci makon farko muke jibga wa yaron da ya fito daga sakandare alamomin Girkanci cike da allo.

Malama Tsangayar Ilimi: Kife allon nan da Malam Gardi ya faɗa, masu binciken ƙwaƙwalwa sun gwada shi. A 2006 Roediger da Karpicke sun ba ɗalibai rubutu, wasu suka yi ta maimaita karantawa, wasu aka karɓe takardar aka ce su rubuto abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaitawa ne a gaba. Bayan mako guda sai labari ya juye, waɗanda aka sa su tunowa suka wuce su. Wato karatun daren jarrabawa yana aiki, amma na kwana ɗaya ne. Shi ya sa malamin aji biyu yake rantsuwa ba a koya musu komai a aji ɗaya ba.

Sabon Malami: Na gamsu, amma ga inda nake tsoro. In zan gwada su duk mako, wa zai yi makin? Takarda 600, ko minti uku-uku na ba kowace, minti 1,800 ne, awa 30. Ina da wasu kwasa-kwasan biyu, ga digirina na uku da ko babi na biyu ban gama ba.

Malama Tsangayar Ilimi: Wa ya ce sai ka yi makin? Gwaji daban, ba da maki daban. Akwai malamin fiziya a Harvard, Eric Mazur, wanda a farkon shekarun 1990 ya gano ɗalibansa suna warware lissafi mai wuya amma suna faɗuwa tambaya mai sauƙi da ke neman fahimta, irin matsalarka sak. Abin da ya koma yi: ya yi bayani kaɗan, ya jefa tambaya ɗaya mai zaɓi huɗu, kowa ya yi tunani shi kaɗai ya zaɓa. In aji ya rabu, sai ya ce kowa ya juya ga na kusa da shi wanda suka saɓa, ya shawo kansa. Minti biyu ko uku, a sake zaɓe. Ba ka buƙatar na'ura. Ni yatsu nake sa su ɗagawa a ƙirji, ɗaya zuwa huɗu, yadda na baya ba zai ga na gaba ya kwaikwaya ba. Daga kan dandamali kallo ɗaya za ka yi ka san ko a wuce ko a tsaya.

Akwai kuma nazarin da Freeman da abokansa suka fitar a 2014, sun tattara bincike 225 a kwasa-kwasan kimiyya da injiniyanci da lissafi. Inda lakca ce zalla, kusan 34 cikin ɗari ke faɗuwa. Inda ake sa ɗalibai aiki a cikin aji, kusan 22.

Mai Jan Biro: Harvard! Dakta, a Harvard akwai wanda yake zama a kan taga? Ɗakin da nake koyarwa an gina shi don mutum 250. In wuta ta ɗauke, makirfo ya mutu, daga layi na goma zuwa baya bakina kawai suke gani yana motsi. Ki ce wa mutum 600 su juya su yi magana da juna, wallahi kasuwar Kurmi za ki tayar, kuma sai an kira la'asar ba su yi shiru ba.

Malama Tsangayar Ilimi: Gaskiyarka a nan, kuma nazarin ma ya nuna amfanin ya fi yawa a ƙananan azuzuwa, duk da cewa manyan ma sun amfana. Amma na layi na goma zuwa bayan nan da ka ambata, a lakcar taka ta yanzu me suke samu? Ni usur nake shiga da shi, irin na alƙalin wasa. Makon farko sun yi dariya, mako na uku da na busa ake yin tsit.

Tsohuwar Kilas-ref: Malamaina ku yi haƙuri in sa baki, ni bara na gama, kuma shekara uku ina wakiltar ajinmu. Akwai abubuwan da ba sa isowa ofisoshinku.

Na ɗaya, yawancinmu ba mu taɓa ganin takardar tsarin kwas ba. Ba mu san me za a yi mako mai zuwa ba, ba mu san ranar tes ba sai a wayi gari a ce yau ne, ko a sa shi ranar Asabar ƙarfe bakwai na safe. Wadda take zuwa daga cikin gari, mota biyu take hawa, wata da goyo. Akwai ƙawata da ta rasa maki 30 na CA, wato na gwajin cikin zango, ɗungurungum don ranar tes ɗin ba-zata tana asibiti da ɗanta. Ta shiga jarrabawa tana neman 40 daga cikin 70. Ba ta samu ba. Da tes uku aka yi aka ɗauki biyu mafi kyau, da yanzu tare muka gama.

Na biyu, ba a dawo mana da takardunmu. Sai dai a liƙa maki a allon sanarwa, wani lokaci ana saura kwana biyu jarrabawa. Ka ga 7 cikin 30, ba ka san me ka yi ba daidai ba, to me za ka gyara?

Na uku, mu mata ba ma ɗaga hannu a aji mai mutum 600. Ka yi kuskuren Turanci ɗaya, samarin baya su yi ta maimaita shi har ka gama makarantar. Wannan na yatsu a ƙirji da Malama ta faɗa, da an yi mana shi da na amsa tambayoyi da yawa.

Tsohon Shugaban Sashe: 'Yata, Allah ya yi miki albarka. Shekara 31 ina koyarwa, sai da 'yar cikina ta shiga jami'a na ji irin wannan a teburin cin abinci. Sabon Malami, rubuta: shafi ɗaya tak, ranar farko. Me za a yi kowane mako, ranakun tes, yadda aka raba maki 30 ɗin, ranar da awar da ake samun ka a ofis. Kuma ka tura shi kyauta a waya. Na ce kyauta. Kada in ji an ce sai wanda ya sayi handawut ake rubuta sunansa, wannan ɗabi'ar ita ta zubar mana da mutunci.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya, ina biye da ku tun ɗazu. Mu nan Nijar tsarin LMD muke bi, wato lisans, masta, dokta, kiredi 30 kowane zango, 180 a kammala lisans, digiri na farko ke nan. Abin da nake ganin zai amfane ku: a wurinmu an raba awoyin darasi tun a takarda. Akwai babban darasi da malami ke bayarwa ga kowa da kowa, akwai TD inda ake kasa ɗalibai rukuni-rukuni su yi aiki da hannunsu, akwai TP na ɗakin gwaji. Maki a kan 20 ne, kuma wanda bai samu ba yana da zama na biyu, ratarafaji, ba sai ya jira shekara ba. Ba na ce muku komai lafiya lau ba ne, mu ma yawa ya yi mana yawa, wani rukunin TD ɗin ya kai girman aji guda, kuma shekarar karatu takan shiga cikin wata. Amma ko ba komai an san cewa awar yin aiki daban take da awar saurare. Cikin awa ukunka na mako, me zai hana ka ware ɗaya ta zama ta aiki zalla?

Sannan matsalar harshe iri ɗaya ce. Yaro ya gane abu sarai in an faɗa masa da Hausa ko Zabarmanci, a rubuta shi da Faransanci ya tsaya yana kallon ka.

Gardin Lissafi: Malam na Maraɗi ya taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Tambayar 'yan kasuwar nan, ku je bakin Dawanau ku yi wa kowane dillali ita da Hausa. Zai yi dariya ya ce ai Alhajin nan na goma shi ya ɓata lissafin, cire shi ka ga gaskiya. Ya san adadin tsakiya, sunansa ne bai sani ba. Rabin yaran da suka bar shafin fari, na rantse ba ƙididdigar ce ta kayar da su ba, Turancin "kare zaɓinka" ne.

Malama Tsangayar Ilimi: Haka ne, amma a yi hattara. Ajin Sabon Malami ba Hausawa ne kaɗai ba. Akwai Bayarabe, akwai Ibo, akwai ɗan Tibi da ɗan Igala da ba su jin ko "zo". In malami ya juya lakca zuwa Hausa, ya gyara wa wasu ya ɓata wa wasu, kuma jarrabawa da Turanci za a yi ta. Inda na ga yana aiki shi ne minti ukun nan na tattaunawa: ka ce kowa ya yi da harshen da ya ga dama, amma amsar da za a faɗa wa aji da Turanci. Sai kuma ka rubuta tambayoyinka da gajerun jimloli. Ba Turancinsu kake aunawa ba, akwai kwas ɗin Turanci na GST 111 don wannan.

Mai Jan Biro: Duk na ji. Tambayata ɗaya: wa zai biya shi? Ranar ƙarin girma, ba wanda zai tambaye shi yara nawa suka gane matsakaici. Takardu nawa ka wallafa, shi ke nan. Yaron nan zai ƙone kansa a kan 'yan aji ɗaya, abokansa su gama digiri na uku su wuce shi, ya zo yana gaishe su. Ni ba mugunta nake yi ba, na ga an yi.

Tsohon Shugaban Sashe: Ban so in yarda da kai ba, amma na zauna a kwamitin, haka abin yake. Shi ya sa zan ce masa kada ya ɗauki duk abin da aka faɗa a nan. Ɗana, bana abu uku kawai: takardar shafi ɗaya, tes uku a ɗauki biyu, da tambayar yatsu ɗaya ko biyu a kowace lakca. Tes ɗin ma ka yi na zaɓi, amma zaɓin da ke neman tunani, ka sa 54,500 a ciki ka ga wa zai faɗa ramin. Makinsa da 'yan digiri na biyu mutum huɗu yini ɗaya ne. Lakcar da ta biyo baya ka ba ta minti ashirin ka bi kurakurai uku da aka fi yi, ya wadatar a madadin rubuta wa kowa sharhi. Awar aiki ta Malam na Maraɗi da rukunin gardawan Malam Gardi, bar su sai baɗi. Kuma kafin ka taɓa rabon makin CA, shiga ofishin shugaban sashenka ka gaya masa, ya ji daga bakinka.

Tsohuwar Kilas-ref: Baba a ƙara ɗaya don Allah. In akwai makaho a ajin, a tura masa rubutun da waya za ta iya karanta masa, ba hoton shafi ba. Mun yi da wani, kullum sai mun zauna mun karanta masa hotunan da ake turowa. Kuma Malam, saƙon murya na minti biyar ya fi bidiyo, ba kowa ke da datar buɗe bidiyo ba.

Sabon Malami: Na gode ƙwarai malamaina, Allah ya saka da alheri. Na kwafe komai. Zan dawo da labari in sha Allahu.

Sabon Malami: Salam. Yau mako na biyar. Shugaban sashe ya amince da tes uku, da sharaɗin in kawo masa makin kafin mako na goma sha biyu. Takardar shafi ɗaya ta fita, har wani malami ya aiko a karɓar masa kwafi.

Tambayar yatsu kuwa, ranar farko abin ya zama abin dariya, rabinsu suka ɗaga hannu sama kamar masu zaɓen shugaban ƙungiya. Yanzu sun saba. Na sake kawo 'yan kasuwar nan da wasu lambobi. Zagayen farko aji ya rabu kusan biyu, bayan sun yi musu mafi yawa suka dawo kan adadin tsakiya, har na ji wata a layi na uku tana ce wa ta kusa da ita, "ke cire mai kuɗin mana ki gani." Amma ranar Talata na sha kunya. Na yi tambaya a kan zanen jadawali, zagayen farko masu daidai sun fi yawa, bayan tattaunawa sai suka ragu. Ashe wani yaro mai baki a tsakiya ne ya ja layi huɗu zuwa amsar da ba ita ba. Kuma ina baya da mako guda a kan abin da na tsara. Na bayan aji har yanzu ban san abin da suke ɗagawa ba, ba na hango su.

Malama Tsangayar Ilimi: Ranar Talatar nan ita ce lakcarka mafi amfani, ka ji kuskuren da bakinsu tun kafin ya isa takardar jarrabawa. Yaron mai baki kuma ka riƙe shi, gardinka ne na baɗi. Na baya, sauka daga dandamalin ka taka zuwa wurinsu lokacin da suke musun.

Mai Jan Biro: Mako guda a baya tun a na biyar. Mu haɗu a na goma. Turo mini tambayar 'yan kasuwar ta akwatina, zan jefa wa 'yan aji ukuna ranar Alhamis, in sun faɗa ramin su ma sai mu san wanda za mu kama.

Sabon Malami: Na tura, ranka ya daɗe. Wani abu kuma, an karɓe mana ɗakin lakca ranar Litinin saboda taron ƙaddamar da littafi, an mayar da mu tsohon ɗakin da ba soket ko ɗaya. Akwai mai lasifika mai batir da zai ara mini daga ƙarfe takwas zuwa goma?

Gardin Lissafi: Akwai ta masallacin unguwarmu, amma sai ka dawo da ita kafin azahar.